Ka San Motarka: Giyar Ƙafa Huɗu Da Kukan Ƙarƙashin Mota

Kowace shekara idan damina ta kankama, akan ga motoci masu tsada sun kafe a hanyoyin karkara, direbobinsu suna tsaye suna jiran samarin ƙauye su zo su tura, alhali kuwa domin irin wannan hanya aka ƙera motocin. Idan rani ya shigo kuma, sai a tarar da waɗansunsu a gareji an kwance musu ciki, ana jiran kayan gyara masu ɗan karen tsada. Hasarar ba ta mai mota kaɗai ba ce. Motar da ta kwanta tana iya zama ta asibiti mai ɗauko mace mai naƙuda, ko ta ma'aikatan allurar rigakafi, ko ta malamin gona mai kai iri da taki. An shirya wannan ɗan littafi ne domin direbobi, da masu motoci, da jami'an da aka danƙa wa kula da motocin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi, don su san lokacin da ya kamata a sa giyar ƙafa huɗu, da lokacin da sa ta ɓarna ce, su kuma iya sauraron mota su gane inda ciwonta yake tun bai yi nisa ba.

Motar da muke magana a kanta ita ce wadda jama'a ke kira jif, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Sunan ya samo asali ne daga ƙaramar motar sojan Amurka wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1941. Bayan yaƙin, Ingila ta fito da Land Rover a 1948, wadda mutanenmu suka raɗa wa Landiroba, ta kuwa daɗe tana zaman motar rangadin Di'o da likita da ɗan sanda. Japan ta biyo baya da Toyota Land Cruiser da Nissan Patrol, waɗanda asalinsu duka 1951 ne, sa'an nan Mitsubishi Pajero a 1982. A-kori-kura irin su Hilux masu giyar ƙafa huɗu su ma suna cikin wannan bayani, domin ƙarƙashinsu kusan ɗaya ne da na jif.

Yawancin sassan mota ba su da sunan Hausa na asali, kuma ba mu ga amfanin ƙago sunayen da babu makanikin da zai gane su ba. Saboda haka inda direbobi suka riga suka saba da wata kalma, ita muka bi, inda babu kuwa mun siffanta abin. Giyar ƙafa huɗu ita ce wadda direbobi da yawa ke kira ogziliyari.

Hanyar da ƙarfin injin yake bi

Ƙarfin injin yana bi ta giyabos, ya shiga farfela, watau doguwar sandar ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashin mota, ya isa aksul na baya, wanda shi ke juya ƙafafu. A tsakiyar aksul akwai wani ƙullin ƙarfe mai siffar tulu. A cikinsa ne difaransha take, ita ce kuwa mabuɗin dukan bayanin da zai biyo baya.

Duk wanda ya taɓa kallon fareti ya ga yadda layin soja yake yin kwana: na gefen waje yana buɗe taku, na gefen ciki kuwa kusan a wuri ɗaya yake takawa. Haka ƙafafun mota suke. Idan tsakanin tayar dama da ta hagu mita 1.5 ne, motar kuma ta yi kewaye ɗaya cikakke, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 9. Aikin difaransha shi ne ta ba ƙafafun biyu ƙarfi, ta kuma bar kowace ta yi gudun da ya dace da ita.

Jif tana da ƙarin wani ƙaramin akwatin giya a bayan giyabos, wanda za mu kira akwatin rabo. Daga gare shi farfela biyu suke fita, ɗaya ta yi baya, ɗaya ta yi gaba zuwa aksul na gaba, wanda shi ma yake da tasa difaransha. To, ga inda gizo yake saƙa. Ba dama da hagu kaɗai ne suke bambanta a kwana ba. Ƙafafun gaba ma suna bin da'irar da ta fi ta ƙafafun baya faɗi. A motar da tsakanin aksul na gaba da na baya mita 2.8 ne, idan aka karya sitiyari sosai aka yi kewaye ɗaya, gaba yana fin baya tafiya da kamar mita huɗu da rabi, watau kusan juyin taya biyu. A yawancin a-kori-kura da jif masu tsohon tsari babu difaransha tsakanin gaba da baya. Da zarar an sa giyar ƙafa huɗu, farfelan nan biyu sun ɗaure da juna ke nan, tilas su yi juyi iri ɗaya.

A cikin yashi ko laka wannan ba ya kawo lahani, gama taya tana ɗan zamewa ta zubar da bambancin ba tare da direba ya sani ba. A kan busasshiyar kwalta kuwa taya tana kama ƙasa, ba ta zamewa, bambancin kuma ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfe. Farfela da aksul da haƙoran giya sai su yi ta murɗewa kamar igiyar da ake tufkawa, har sai taya ta yi tsalle ta saki, ko kuwa wani abu ya karye.

Mai wannan rubutu ya taɓa gani da idonsa. Muna dawowa daga rangadi wata damina, direbanmu ya sa giyar ƙafa huɗu muka ƙetare wani kwari mai taɓo, muka hau kwalta, hira ta yi daɗi, ya manta bai cire ba. Sai da muka zo shiga gidan mai ya karya sitiyari, motar ta fara tsalle kamar doki mai tutsu, tayoyi suna kuka, sitiyari ya yi nauyi. Ya kama sandar giyar zai cire, ta ƙi motsi, har ya ɗauko sifana zai buge ta. Wani dattijon direban babbar mota da ke shan mai ya hana shi, ya ce ya sauka gefen hanya inda akwai ƙasa, ya miƙe sitiyari, ya yi ribas sannu sannu. Bai yi taku ashirin ba muka ji wani abu ya saki a ƙarƙashi, sandar ta fita da yatsa biyu. Maganin ke nan har gobe. Kada a buge sanda, kada kuma a ɗaga ƙafa ɗaya da jek mutum yana kusa da ita, domin tayar tana iya juyawa da ƙarfi farat ɗaya sa'ad da ta rabu da ƙasa.

Ba duk jif ne iri ɗaya ba

Abin da muka bayyana ya shafi motar da ake sa wa giyar ƙafa huɗu a cire, kamar Landiroba ta dā, da Land Cruiser samfurin 70 da aka fara a 1984, da yawancin Hilux. Akwai iri na biyu, mai jan ƙafa huɗu kullum, wanda aka sa wa difaransha ta uku a cikin akwatin rabo. Range Rover ta 1970 tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari, haka kuma Prado na shekarun baya bayan nan suke. Irin wannan tana tafiya a kwalta lafiya lau. Sai dai tana da makulli na kulle difaranshar tsakiya idan an shiga wuri mai wuya, kuma da zarar an kulle ta, motar ta koma irin ta farko, dokar kwalta ta hau kanta.

Iri na uku su ne ƙananan jif na cikin gari irin su RAV4 da ta fito a 1994 da CR-V da ta fito a 1995, waɗanda suka cika kasuwar motocin Kwatano. A yawancinsu ƙafafun gaba ne ke ja, na'ura ce take tura wani kaso na ƙarfi baya idan ta ji santsi. Ba su da giyar ƙarfi, cikinsu kuma bai yi nisa da ƙasa ba. Suna da amfani a kan hanyar burji bayan ruwa, amma wanda ya shiga tudun rairayin Yusufari da irinsu ya ɗora musu abin da ba a yi su dominsa ba. A lura kuma, da yawa daga motocin nan an sayo su ne masu jan ƙafa biyu kawai, ko kuwa wani makaniki ya cire farfelar baya ya ajiye don ta dame shi da ƙara. Mai saye ya leƙa ƙarƙashi ya gani da idonsa.

Haruffan da ke kan sanda

A motoci da yawa akwai ƙaramar sanda kusa da babbar sandar giya, a sababbi kuwa maɓalli ne ko abin murɗawa. An rubuta 2H, da 4H, da 4L, wani lokaci da N a tsakani. Tafiyar yau da kullum a 2H ake yin ta. Ita 4H jan ƙafa huɗu ne da gudun da aka saba, domin burji mai santsi, da yashi, da laka marar zurfi. Ita kuwa 4L giyar ƙarfi ce: tana rage gudun mota ninki biyu ko fiye, ta ƙara ƙarfin ja daidai da haka, domin hawa mai tsanani, da gangara, da duwatsu, da fitar da motar da ta kafe. Idan sanda tana kan N, babu ƙafar da ke haɗe da injin, ko da an sa babbar giya, kuma motar otomatik da aka bari a P tana iya gangarawa. Tsofaffin direbobin Landiroba sun san nasu da launi: a danna mai kan rawaya a sami ƙafa huɗu, a jawo mai jan kai baya a sami giyar ƙarfi.

Yawancin motocin zamani suna yarda a shiga 4H ana cikin tafiya, muddin sitiyari yana miƙe, tayoyi ba sa santsi, gudun kuma bai wuce iyakar da littafin motar ya faɗa ba. Shiga 4L kuwa sai an tsaya, a taka kuloci, ko a mai da otomatik firi. Wanda ya ji haƙora suna gurzar juna kada ya tilasta. Ya ɗan motsa motar gaba ko baya, ya sake gwadawa.

Waɗansu motoci suna da abin murɗawa a cibiyar tayoyin gaba, an rubuta FREE da LOCK. Idan yana kan FREE, tayar ta rabu da aksul, kuma ko an sa 4L ƙafafun gaba ba za su ja ba. Sau da yawa motar da aka ce ogziliyarinta ya mutu, wannan ne kawai ciwonta. A kulle duka biyu, ba ɗaya ba, a kuma kulle su tun kafin a shiga taɓo. Babu daɗi mutum ya tsaya cikin laka har gwiwa yana laluben cibiyar taya.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowane yawa, watau jira sai mota ta kafe kana a tuna da giyar. Tayar da ta riga ta haƙa rami, cikin mota ya zauna a ƙasa, ƙafa huɗu ba za su fitar da ita ba sai da shebur. A sa giyar tun ana hango wurin. A cikin rairayi irin na arewacin Yobe da Borno, a rage iskar taya daga talatin da wani abu da mai faci ya saba sawa zuwa kamar 18 ko 20, don tayar ta baje ta hau kan yashin, a riƙe totur daidai ba fizga, a guji karya sitiyari da sauri. Wajibi ne a mayar da iskar kafin a yi gudu a kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. A baƙar lakar firgi ta wajen Dikwa, wadda take cika zanen taya har ta koma kamar sudaddiya, yawan totur ba ya ƙara kome sai zurfin rami. A hanyoyin ƙauyukan tsaunin Mambila da na Obudu, inda tudu ya wuce mita 1,500, a sauka gangara da 4L a giya ta ɗaya ko ta biyu, ƙafa ba ta kan kuloci, a bar injin ya riƙe motar. Inda gangaren yake da kwalta kuwa, ƙaramar giya a 2H ta isa.

Akwai abu biyu da giyar ƙafa huɗu ba ta yi. Na farko, ba ta ƙara wa mota birki. Tana taimakon tashi da ja, amma wajen tsayawa jif ba ta fi ƙaramar mota ba, ta ma fi ta nauyi da tsawo, saboda haka ta fi ta saurin kifewa a kwana. Na biyu, ba ta hana kafewa ɗungum. Halin difaransha ne ta bar ƙafar da ba ta da riƙo ta yi ta juyawa, don haka idan tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka rasa ƙasa a lokaci guda, sai su yi ta wulwulawa sauran biyun suna tsaye. A nan sai makullin difaranshar aksul, ga motar da ke da shi, ko kuwa a cusa itace da duwatsu a ƙarƙashin tayoyin da ke wulwulawa.

Sauraron mota

Mota ba ta cika lalacewa ba tare da ta yi kuka ba tukuna. Abin da ke da wuya shi ne ƙarfe yana ɗaukar ƙara ya kai ta nesa, har abin da ya lalace a baya a ji shi kamar a ƙarƙashin kujerar direba. Saboda haka sanin inda ƙara take fitowa bai kai sanin lokacin da take zuwa amfani ba. A kashe rediyo, a rufe gilashi, a sami hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso, a ɗauki mutum ɗaya ya zauna a baya yana sauraro.

Tambaya ta farko: ƙarar tana bin injin ne ko tana bin gudun mota? A tsayar da mota a firi a taka totur. Idan ƙarar ta zo, ta injin ce ko salansa, ba ta cikin wannan bayani. Idan sai mota tana tafiya take zuwa, tana kuma ƙaruwa da gudu ko a wace giya ake, to daga bayan giyabos ne zuwa taya.

Kafin a zargi ƙarfe, a fara zargin taya. Taya mai manyan haƙora ta shiga daji tana da gunji a kan kwalta, haka ma wadda ta ci ba daidai ba. Alamar ƙarar taya ita ce tana sauyawa idan hanya ta sauya, daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi, ko zuwa ƙasa. An sha kwance aksul mai lafiya saboda tayar da ta ci gefe ɗaya.

Idan gunjin bai damu da irin hanya ba, bai kuma damu da totur ba, yana dai ƙaruwa da gudu kamar jirgin sama na tahowa daga nesa, a zargi boris na ƙafa. A gwada shi da karkata sitiyari kaɗan dama da hagu cikin matsakaicin gudu. Sa'ad da mota ta karkata dama nauyinta yana komawa hagu, don haka idan gunjin ya ƙaru a lokacin, galibi boris na hagu ne, haka kuma akasinsa. Bayan tafiya, cibiyar tayar da boris ɗinta ya lalace takan fi 'yar'uwarta zafi. Wannan ba ciwon da ake cewa sai an dawo daga tafiya ba ne. Boris da ya ƙone yana iya kamewa, ko ya saki taya gaba ɗaya ana cikin gudu.

Kukan difaransha daban yake. Siriri ne mai tsawo kamar kukan iska a ƙofa, kuma totur yake bi: a taka ya zo, a saki ya ɗauke, ko kuwa a saki ya zo, a taka ya ɗauke. Ma'anarsa haƙoran ciki ba sa cizon juna daidai, ko boris ɗin da ke riƙe da su ya saki, kuma sau da yawa ƙarancin mai ne ya jawo. Idan aka kama shi da wuri, motar tana iya daɗewa tana aiki. Idan kukan ya koma gurza ko ƙwanƙwasa, haƙori ya ɓalle, a tsaya.

A kowane ƙarshen farfela akwai gaɓa mai hannu huɗu wadda makanikai ke kira kuros. Idan ta bushe, da fari takan yi ɗan tsuwa kamar ɓera sa'ad da mota ke tafiya a hankali. Daga nan sai a fara jin gwaf guda ɗaya duk lokacin da aka sa giya, ko aka koma ribas, ko aka saki totur aka sake takawa. A ƙarshe sai kaɗawa ta zo, a ji ta a kujera da daɓen mota, ba a sitiyari ba. Kuros yana cikin mafi arahar kayan ƙarƙashin mota, amma idan ya tsinke ana gudu, farfela tana iya fasa giyabos, ko ta soki ƙasa ta ɗaga motar. Gwajinsa mai sauƙi ne: mota a kashe, an sa weji, a kama farfela a girgiza ta kusa da gaɓar. Bai kamata a ji motsi a cikin gaɓar ba, jan ƙura mai kamar tsatsa a bakinta kuwa alama ce ta bushe.

Motocin da kowace ƙafar gaba take da nata gajeren shaf, kamar Pajero da Prado da Hilux na zamani, suna da gaɓa a cikin roba mai lanƙwasa kusa da taya. Idan aka karya sitiyari sosai aka taka totur aka ji ƙas ƙas ƙas a jere, wannan gaɓar ce. Kusan kullum robar ce take fara yagewa, giris ya fita, yashi ya shiga. Direban da yake leƙa robobin nan kowane mako zai canza roba ne kawai, wanda bai leƙa ba kuwa zai sayi shaf.

Sauran ƙarar da ba ta zuwa sai an sa ƙafa huɗu, wurinta ya ragu: farfelar gaba, ko aksul na gaba, ko cibiyar taya, ko akwatin rabo. Idan tana kama da ƙarar kacar keke mai tsallake haƙori, tana zuwa sa'ad da mota ke jan nauyi ko hawa tudu, to sarƙar da ke cikin akwatin rabo ta saki, ga motocin da ke da sarƙa. Idan kuwa ƙir ƙir ce daga tayar gaba, makullin cibiya ne bai kama sosai ba. Amma a tuna, a 4L ɗan kukan giya ba laifi ba ne, halinta ne. Tsalle da kukan taya a kwana kuma mun riga mun san mai laifinsu.

Mai, da ruwa, da taya

Jif tana da wuraren mai huɗu a ƙarƙashinta ban da injin: giyabos, da akwatin rabo, da aksul biyu. Abin takaici, direbobi da yawa baƙin man injin kaɗai suka sani. Man aksul mai kauri ne, yawanci lamba 90 ko 80W-90, amma waɗansu akwatunan rabo man giyar otomatik suke sha, saboda haka littafin motar ne alƙali. A yawancinsu mai yana kaiwa bakin ramin da ake zuba shi ta gefe. A kwance notin zubawa tukuna kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa.

Aksul yana da ɗan bututun shan iska a samansa. Idan ya yi zafi da tafiya aka tsoma shi cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa ya zuƙo ruwa. Duk motar da ta ƙetare rafin da ya rufe aksul, a duba manta cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a canza shi nan da nan, a kuma buga giris a kuros da sauran wuraren giris.

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinsu kuma kusan ɗaya. Taya mai tsayin santimita 78 tana juyi kamar 408 a kilomita ɗaya. Wadda ta ci har ta koma santimita 77 tana juyi kamar 413. Bambancin juyi biyar ke nan a kowace kilomita, ko da hanya a miƙe take, kuma akwatin rabo ne yake shan wahalarsa. Wannan ya fi tsanani ga motoci iri na biyu da na uku, waɗanda ƙafafunsu huɗu suke haɗe kullum. Saboda wannan dalili ne kuma ba a jan irinsu da ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa. Sai dai a ɗora su ɗungum a kan motar ɗauka.

Giyar da ba a amfani da ita ma tana lalacewa. Littattafan motocin Toyota da dama sun ce a yi tafiyar kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata, don mai ya zaga sassan gaba. A yi wannan a kan hanyar ƙasa. Motar ofis da ta shekara tana yawo tsakanin gida da sakatariya, ranar da aka tura ta ƙauye ne ake gane makullinta ya kame.

Gargaɗi ga mai shiga ƙarƙashi

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a kunna mota a sa giya alhali ƙafa ɗaya ko biyu suna sama, domin ƙafafun da ke ƙasa suna iya ja ta sauko. A Landiroba da waɗansu tsofaffin Land Cruiser, birkin hannu farfela yake kamawa, ba taya ba. Idan aka ɗaga ƙafar baya ɗaya, difaransha tana iya barin motar ta gangara ko da an ja birkin. A sa weji gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa.

Sa'ad da za a kai mota gareji, direba ya tafi da bayani, kada ya ce kawai tana ƙara. Ya faɗi ko gunji ne, ko kuka, ko gwaf, ko ƙas ƙas, da gudun da take farawa, da ko tana bin totur ko sitiyari, da ko a 2H take zuwa ko sai a 4H, da ranar da motar ta shiga ruwa ko aka canza mata taya. Ya nemi makanikin ya shiga su zaga tare ya ji da kunnensa kafin ya ɗauki sifana. Jami'in da ke kula da motocin ma'aikata kuma ya sa a rubuta wannan bayani a littafin motar, tare da kwanan wata da adadin kilomita, ya kuma karɓi tsohon abin da aka cire kafin ya sa hannu a takardar biya.